Wanzamin Ayari: Yadda Muka Gyara Dokar Wasa Don Kada Auta Ya Bar Tabarma

Daga Mando, Kaduna

Da fatan waɗanda suka koma makaranta sun tarar da karatu lafiya, masu jiran sakamako kuma Allah Ya sa a ga alheri. Makonnin baya mun yi ta magana a kan jarrabawa da kuɗin mota da rigimar ɗakin kwana. Yau za mu sauko daga benci mu zauna a kan tabarma, domin wata 'yar rigima ce ta taso mana a zauren gidanmu a nan Mando, a kan wasa. Kada wani ya ce ai wasa wasa ne. Saura ƙiris wasan nan ya raba mu da ƙaninmu.

Wane irin wasa ne?

Muna kiransa wasan labari. Mutum ɗaya ne ke jan labarin, sauran kuma kowa ya shiga rigar mutum ɗaya a cikinsa. Mai jan labari zai ce, "Kun iso bakin kogi da la'asar, jirgin fito ɗaya ne, mai shi kuma ya ce ba zai ɗauki jakuna ba. Me za ku yi?" Sai kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, a jefa dayis a ga ko abin ya yiwu. Ba ya buƙatar data ko caji, kuma babu mai cinye wani. Ko dai ayari ya isa tare, ko ya watse tare.

Asalin irin wannan wasa daga Amurka yake. A 1974 wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda har yau shi ne mafi shahara a cikin wasannin labari na kan tebur. Mu kuwa ya iso mana ne a 2022, lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wani yayanmu da zaman gida ya ishe shi ya ci karo da shi a intanet. Littattafan wasan ba su samuwa a nan, dayis mai fuska ashirin da suke amfani da shi ma ba mu taɓa riƙe shi ba, ga shi kuma dodanni da tsafe-tsafen da ke ciki ba su dace da zaurenmu ba. Sai Yaya ya ɗauki littafin rubutu mai shafi arba'in da dayis biyu na lido, ya tsara mana namu.

Labarin namu na fataken Gwanja ne, wato ayarin da ke tashi daga Kano da kanwa da rinannun tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu har ya kai Salaga da ke Ghana ta yau, ya juyo da huhunan goro. Mai jan labari muna ce masa madugu. Sana'o'i huɗu ne ake zaɓa: Barde mai takobi, Maharbi mai kwari da baka, Falke mai ciniki, sai Wanzami mai zabira. Dokar kuma mai sauƙi ce. Duk abin da za ka yi mai wuya, ka jefa dayis biyu, idan jimla ta kai 8 ka ci nasara. Idan abin a cikin sana'arka yake, a ƙara maka 2.

Da Yaya ya tafi bautar ƙasa sai ya bar mana littafin, mai wannan fili ya gaji maduganci. Iyayenmu ma sun ji daɗin abin. Tun bayan sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, babu uwar da ke wannan yanki da hankalinta ke kwanciya idan yaronta yana waje bayan magariba. Wasan da zai riƙe yara a zaure ranar Asabar, ba kuɗi ba faɗa, ai ba abin rainawa ba ne.

Ranar da Auta ya ajiye takarda

Duk lokacin da za a fara sabuwar tafiya, manya ne ke fara zaɓe. Babba ya ɗauki Barde, mai bi masa ya ɗauki Maharbi, 'yar'uwarmu mai karatun lissafi ta ɗauki Falke saboda tana son ƙirgen wuri. Abin da ya rage shi ne rabon Auta, ɗan shekara goma sha uku. Kamar dai ƙwallon layi ne, inda ƙaramin cikinmu kullum shi ne gola, ba don ya iya kamu ba, sai don babu mai son tsayawa a raga.

A dokar da muka gada, ƙarin 2 na Wanzami a wuri ɗaya kawai yake aiki: ɗaure rauni, shi ma sai bayan an gama faɗa. To fa idan ba wanda ya ji rauni, babu aikinsa ke nan. Idan kuwa faɗa ya kaure, sai dai ya laɓe bayan jakuna yana kallo, ko ya jefa dayis tsurarsa ba tare da ƙari ba, yawanci kuma ya faɗi.

Asabar uku a jere haka aka yi. A ta huɗu, muna tsakiyar artabu da kuraye a dajin Bargu, Barde yana ta sara, Maharbi yana ta saki, ana ihu ana tafi, sai Auta ya naɗe takardarsa gida huɗu ya ajiye a gaban madugu. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaya, idan wani ya ji ciwo ku aiko a kira ni, ina ƙofar gida." Ya sa takalmansa ya fita.

Dariya muka fara yi. Da aka yi sallar isha'i bai dawo tabarma ba, sai dariyar ta ƙare. Asabar ta gaba muka shimfiɗa tabarma, aka ce ya bi wasu yara wajen shataletale kallon ƙwallo tun la'asar. A daren nan Mama ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi mana: "Ku da kuke da hankali, me kuka yi masa?" Ruwa ba ya tsami banza. Mun san abin da muka yi masa, mun zaunar da shi wata guda yana kallon yayyensa suna jin daɗi.

Gyaran farko: garin neman gira

Da yake muna cikin jin kunya, sai muka yi gyara cikin gaggawa. Muka ce daga yau Wanzami yana da ƙarin 3 a kan komai, faɗa ne, ciniki ne, bin sawu ne. Muka lallaso Auta ya dawo.

A zama ɗaya muka gane ɓarnar da muka yi. Wanzami ya kori kuraye, ya sayi kanwa da arha fiye da Falke, ya gano sawun da Maharbi ya kasa gani. Barde ya jingina da bango yana cewa shi kam bai ga amfanin takobinsa ba. 'Yar'uwarmu ce ta janyo littafin ta nuna mana lissafin, kuma ga shi nan domin duk mai son ƙirƙirar wasa ya riƙe.

Dayis biyu na iya faɗuwa ta hanyoyi 36. A cikinsu, hanyoyi 15 ne ke ba da 8 ko sama da haka, wato kusan kashi 42 cikin 100. Wanda aka ƙara wa 2, 6 kawai yake nema, kuma hanyoyi 26 ne ke ba da ita, kusan kashi 72 ke nan. Wanda aka ƙara wa 3 kuwa 5 yake nema, hanyoyi 30, kusan kashi 83. Ashe mun ɗauki mutumin da ke cin nasara sau huɗu cikin goma, mun mai da shi mai cin sau takwas cikin goma a sana'ar kowa, har ya fi masu sana'ar. A dayis biyu lambobin tsakiya sun fi yawan fitowa, don haka ƙarin da ake gani ɗan kaɗan ne a baki, a kan tabarma babba ne.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne Auta da kansa bai ji daɗi ba. Da aka tashi ya ce, "Yaya, wannan ai sadaka kuka ba ni. Kowa ya san ba ni na ci ba." Yaron ya fi mu gaskiya. Bai nemi a ɗaga shi sama da kowa ba, so yake a buƙace shi.

Ba mu muka fara ba

Da muka koma bincike sai muka tarar matsalar tsohuwa ce, kuma manyan masu tsara wasanni ma ta ba su wahala.

A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, akwai wata sana'a da ake kira Ranger, kwatankwacin Maharbinmu. An ba shi ƙwarewa a kan irin abokan gaban da ya zaɓa da irin ƙasar da ya zaɓa, daji ne ko tsauni ko fadama. Idan labari ya kai ayari wani wuri dabam, ƙwarewar ta zama ado. Wanda kuma ya zaɓi ya riƙa tafiya da dabba, sai ya sadaukar da nasa bugun kafin dabbar ta kai hari. 'Yan wasa suka yi ta ƙorafi, har kamfanin Wizards of the Coast mai wasan ya fitar da gyararren Ranger na gwaji a watan Satumbar 2016. A 2020 ya sake kawo wasu zaɓuɓɓukan maye gurbi a wani littafin ƙari, sannan a 2024, shekarar da wasan ya cika hamsin, aka sake rubuta sana'ar a sabon littafin 'yan wasa. Shekara goma ke nan kamfani mai ma'aikata da kuɗi yana gyaran abu ɗaya. Wannan ya ɗan sanyaya mana zuciya.

Mu koma baya sosai. A wasan ces na dā, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, ɗan wasan da ke tsaye kusa da sarki mashawarci ne, kuma taku ɗaya tak yake yi, shi ma a karkace. Yana cikin mafiya rauni a kan allo. A ƙarshen ƙarni na 15, a ƙasar Sifaniya, aka sauya masa tafiya, ya zama sarauniyar da muka sani yau, mai ratsa allo ta kowace fuska. A lokacin babu wata hukumar ces ta duniya, domin sai a 1924 aka kafa FIDE. 'Yan wasa ne suka ga sabuwar dokar ta fi daɗi, ta yaɗu daga gari zuwa gari.

A wasan Go na Sin da Japan da Koriya, mai baƙaƙen duwatsu ne ke fara ajiyewa, kuma hakan na ba shi fifiko. Sai aka shigo da ƙarin maki ga mai farare, wanda ake kira komi. Ba a sa shi sau ɗaya aka tafi ba, an yi ta ɗaga shi a hankali bisa sakamakon wasanni. A Japan an ɗaga shi daga maki biyar da rabi zuwa shida da rabi a 2002. Rabin nan kuma don kada a yi canjaras ne.

Ko a nan gida ai mun daɗe muna yi, suna ne ba mu ba abin ba. Kartar Whot a Ingila aka ƙirƙiro ta a shekarun 1930, amma je ka ɗakunan kwanan ɗalibai uku ka ga doka uku. A wani ɗakin 5 na sa a ɗebi uku, a wani ɗakin ba ta da wani ƙarfi. A nan ana tare 2 da wata 2, a can ba a yarda ba. A ƙwallon layi kuma wa bai san kwana uku fanareti ɗaya ba? Fili ne ya yi ƙanƙanta da bugun kwana, yara suka nemo mafita. Wannan ita ce dokar gida.

Ƙirge kafin gyara

A karo na biyu ba mu yi gaggawa ba. Muka roƙi Auta ya yi haƙuri da zama ɗaya a kan tsohuwar doka, 'yar'uwarmu kuma ta riƙa jan layi a bayan littafi duk lokacin da wani ya jefa dayis. Da aka tashi, jifa 40 aka yi. Barde 17, Maharbi 12, Falke 8, Wanzami 3.

A nan ne muka fahimci rauni iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai raunin lamba, wato kana jifa amma ba ka ci. Akwai raunin dama, wato dayis ɗin ma ba ya zuwa hannunka. Sai raunin labari, wato mai jan labarin ne ba ya kai ayari inda sana'arka ke da amfani. Mu mun ɗauka ciwon Wanzami na farko ne, shi ya sa muka ɗura masa lamba. Ashe na biyu da na uku ne.

Na ukun nan kuwa laifin madugu ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa ya fi sauƙin shiryawa. Idan an dawo daga lacca a gajiye, ba a tanadi komai ba, sai kawai a ce ga kuraye sun fito. Ta haka muka mai da tafiyar wata da watanni ta fatauci ta zama filin daga, alhali fataken gaskiya sun fi kashe lokacinsu wajen cinikin kuɗin fito, neman zango, jinyar jakuna da duba goro kada sankara ta cinye shi.

Sai muka tambayi kanmu: wane ne wanzami a zahiri? Kakarmu ce ta ba mu amsa tana daga ɗaki. Ta ce wanzami ai babu gidan da ba ya shiga, na sarki da na talaka. Shi ke askin suna, shi ke yin ƙaho, kuma mutum in ya miƙa kai ana yi masa aski, bakinsa ba ya shiru. Mu kuwa mun ɗauki mutumin da ya fi kowa jin labarin gari mun laɓe shi bayan jakuna.

Dokokin zaurenmu

Ga abin da muka rubuta a shafin ƙarshe na littafin, kowa ya sa hannu, har Auta.

Ta ɗaya, aski a zango. Duk garin da ayari ya sauka, Wanzami na iya buɗe zabira ya yi wa wani aski, ya yi wa madugu tambaya ɗaya game da garin ko hanyar da ke gaba. Zai jefa dayis da ƙarin 2. Idan ya ci, dole madugu ya faɗi gaskiya. Idan bai ci ba, zai sami labari duk da haka, amma jita-jita ce, wataƙila rabinta ƙarya. Ko ta yaya dai labari ya motsa ta hannunsa.

Ta biyu, ɗauri a tsakiyar faɗa. Ba sai an gama ba. Amma dole ya bar maɓoyarsa ya je inda mai rauni yake, kuma a wannan zagayen duk harin da aka kawo wurin, shi zai fara samu. Mun koyi cewa ƙarfin da ba shi da farashi ba ya da daɗi, ko ga mai shi.

Ta uku, tsakuwar zabira. Wanzami na fara kowane zama da tsakuwa uku a gabansa. Idan wani ya jefa dayis ya faɗi, Wanzami na iya ba da tsakuwa ɗaya a sake jifar. Mai neman 8 ba tare da ƙari ba, damarsa na tashi daga kashi 42 zuwa kusan 66 idan yana da jifa biyu. Tsakuwar da aka kashe ba ta dawowa sai an isa kasuwa Falke ya sayo saiwoyi da wurin ayari. Da wannan muka ɗaure sana'a biyu da igiya ɗaya.

Ta huɗu, a kan madugu take. Kowane zama dole a sami aƙalla matsala ɗaya da takobi ba ya warwarewa: zazzaɓi ya kama jagaba, ko mai gari ya hana zango, ko goro ya fara lalacewa. Idan aka tashi babu, 'yan wasa na da ikon su tuhumi madugu, kuma shi zai sayo ƙosai Asabar ta gaba.

Ta biyar, zaɓen sana'a. A kowace sabuwar tafiya, ƙarami ne zai fara zaɓe, babba ya zo ƙarshe. Dalili shi ne, idan manya sun san abin da ya rage zai iya faɗowa kansu, za su tabbatar babu sana'ar da ta zama shara. Kamar rabon nama ne tsakanin yara biyu: ɗaya ya yanka, ɗayan ya fara ɗauka.

Ta shida, yadda ake sauya doka. Ba a sauyawa ana tsakiyar wasa, balle lokacin da ran wani ya ɓaci. Sai an tashi, a rubuta, a gwada Asabar uku, sannan a zauna a duba. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda in dai zai yiwu, domin in ka taɓa biyar tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Mu kanmu mun karya wannan a karon farko saboda tura ta kai bango, amma tun daga nan muna kiyayewa.

Abin da ya biyo baya

A zama na biyu bayan gyara, ayari ya iso bakin Kwara. Masu fito suka tsuga kuɗi, Falke ta yi ta ciniki abin ya ƙi, Barde har ya fara taɓa ƙotar takobi. Sai Auta ya ce, "Ku dakata. Madugu, zan yi wa babban masu fito aski." Ya jefa, 4 da 3, da ƙarin 2 ya zama 9. Tambayarsa ita ce, me ya sa suka tsananta kuɗi bana? Dole madugu ya faɗi gaskiya: ɗan babban nasu ne kwance da ciwon ƙafa, ana tara kuɗin magani. Auta ya je ya duba yaron, ya jefa ya faɗi, ya kashe tsakuwarsa ɗaya ya sake, ya ci. Aka ƙetare da ayari duka har jakuna a rabin kuɗi. Babu wanda ya zare takobi, kuma har yau shi ne zaman da aka fi tunawa a zauren.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Bayan Asabar uku muka ga tsakuwa uku ta yi yawa, tsoro ya fita daga wasan, domin kowa ya san in ya faɗi za a ɗaga shi. Muka rage ta koma biyu, kuma Auta ne da kansa ya kawo shawarar. Yanzu kuma Maharbi ne ke gunaguni, wai tun da aka rage daji aka ƙara zaman gari, shi ya koma ɗan kallo. Mun sake ba 'yar'uwarmu biro, ta fara jan layi. Da alama gyaran doka ba ya ƙarewa, kamar sharar tsakar gida ne.

Da aka zo fara sabuwar tafiya, Auta ne ya fara zaɓe bisa doka ta biyar. Ga Barde a gabansa, ga Maharbi. Ya miƙa hannu ya ɗauki Wanzami.

Kafin mu naɗe tabarma

Mun san da yawa cikin masu karatu ba su taɓa yin wannan wasa ba, amma kowa ya taɓa zama a rukunin aikin aji. Ku tuna aikin rukuni na ƙarshe da kuka yi. Mutum biyu sun yi bincike, ɗaya ya tsaya gaban aji ya yi bayani, akwai kuma wanda aikinsa kawai ya kawo kuɗin firintin a rubuta sunansa a ƙasa. Mukan ce malalaci ne. Wani lokacin haka ne. Amma kafin a yanke hukunci, a ja layi a bayan littafi a gani: sau nawa aka miƙa masa dayis? Ba shi maki kyauta sadaka ce, kuma shi ma ya sani. A nemo abin da shi ya iya wanda aikin ba zai kammala ba sai da shi.

Ga masu son gwadawa, sharuɗɗan Baba guda uku ne, kuma muna ba ku su yadda ya ba mu: ba a sa ko sisi, da an kira salla a tashi, kuma ba a shimfiɗa tabarma sai an gama aikin makaranta. Akwai gidajen da ba a yarda da dayis ba sam saboda maganar malamai a kansa. Wannan a girmama shi, a kuma tambayi masana, ba fagenmu ba ne. Ta fuskar lissafi dai, idan aka rubuta 1 zuwa 6 a 'yan takardu aka zuba a hula, aka yi haka a hula ta biyu, aka zaro ɗaya daga kowace, damar da za a samu daidai take da ta dayis biyu.

Muna jiran wasiƙunku ta hannun editan wannan shafi. Wace doka ce ake yi a gidanku ko ɗakinku, a lido ko Whot ko dara ko langa, wadda ba a yi a wani wuri? Wa ya kawo ta, kuma wace rigima ta kashe? Waɗanda suka fi ma'ana za mu kawo su a nan. Mai shawarar yadda za mu yi da Maharbinmu ma muna saurare, domin Asabar na ƙaratowa kuma har yanzu fuskarsa a ɗaure take.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.